Azumin Kirista: Tambayoyin da 'Yan'uwa Suke Yawan Yi da Amsoshinsu

Duk shekara idan watan Janairu ya kama, ko kuwa Ista ta kusato, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke dawowa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da taron zumuntar mata da na matasa, tun daga cikin garin Gombe har zuwa Billiri, Kaltungo da Tula. An tattara waɗanda suka fi maimaituwa a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Inda ikilisiyoyi suka bambanta a tsari an faɗi bambancin yadda yake.

Mene ne azumi a wurin Kirista?

Azumi shi ne mutum ya bar abinci, wani lokaci har da abin sha, na wani ƙayyadadden lokaci, da ganin damarsa, domin ya keɓe kansa ga Allah cikin addu'a. Abubuwa uku ne suka haɗu a ciki: barin abin da ya halatta a ci, yin hakan da niyya, da kuma juyar da zuciya wajen Ubangiji. Wanda ya wuni bai sa komai a baki ba, amma bai durƙusa ba, bai buɗe Maganar Allah ba, bai kuma tuna da kowa ba sai cikinsa, ya dai sha yunwa. Shi ya sa a Littafi Mai Tsarki da wuya a ga azumi yana tafiya shi kaɗai, kusan kullum tare yake da addu'a, ko tuba, ko makoki, ko neman jagora. Dawuda ya ce ya ƙasƙantar da kansa da azumi (Zabura 35:13), wannan ƙasƙantar da kai kuwa ita ce gindin al'amarin duka.

Yesu ya umarce mu mu yi azumi? Dole ne?

A shari'ar Musa azumi guda ne aka wajabta wa dukan Isra'ila a shekara, wato na Ranar Kafara (Firistoci 16:29-31). A Sabon Alkawari ba a yanka wa mai bi wata rana ko wani wata ba. Amma a Matiyu sura 6 Yesu ya jera abubuwa uku, sadaka da addu'a da azumi, ya yi magana a kan kowannensu a matsayin abin da almajiransa za su riƙa yi, ya kuma koya yadda za a yi shi ba tare da riya ba. Da aka tambaye shi dalilin da ya sa almajiran Yahaya da na Farisiyawa suke azumi amma nasa ba sa yi, sai ya ce abokan ango ba sa azumi muddin ango yana tare da su, amma rana tana zuwa da za a ɗauke musu angon, a sa'an nan za su yi (Markus 2:18-20).

Don haka azumi ba sharaɗin ceto ba ne, domin da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya (Afisawa 2:8-9), Bulus ma ya ce abinci ba ya ƙara mana karɓuwa a gaban Allah (1 Korantiyawa 8:8). Duk da haka, Kiristan da ya shekara da shekaru cikin bi bai taɓa yin azumi ba alhali lafiyarsa ƙalau, ya kamata ya tambayi kansa dalili, tunda Ubangijinsa ya yi, manzanni ma sun yi. Wasu ikilisiyoyi sun ɗora wa mabiyansu ranaku na musamman, an yi bayaninsu a amsar da ta shafi bambancin ɗarikoki.

Me ya haɗa ciki da ruhu? Me ya sa sai an bar abinci?

Allah bai halicci mutum ruhu tsura ba, ya yi shi da jiki, kuma abin da jiki yake yi yana koyar da zuciya. Muna durƙusawa a addu'a, muna tsayawa a waƙa, ana yi mana baftisma da ruwa, muna karɓar gurasa a Jibin Ubangiji. Azumi ma hanya ce da jiki yake shiga addu'a. Musa ya gaya wa Isra'ilawa cewa Allah ya bar su suka ji yunwa a jeji, sa'an nan ya ciyar da su da manna, domin su san ba da abinci kaɗai mutum yake rayuwa ba, sai da kowace maganar da take fitowa daga wurin Ubangiji (Maimaitawar Shari'a 8:3). Da wannan ayar Yesu ya amsa wa Shaiɗan bayan ya kwana arba'in bai ci ba (Matiyu 4:4). Mai ƙoshi yana iya haddace ayar, amma mai yunwa ne yake jin nauyinta.

Abu na biyu, yunwa tana tona asirin zuciya, kamar yadda rani yake nuna abin da yake kwance a ƙasan rijiya idan ruwa ya ja baya. A dubi uwar gida wadda ta ɗauki azumi a watan Maris. Wajen ƙarfe biyu na rana yara sun dawo daga makaranta, tana tsaye a gaban murhu tana soya musu albasa da manja, zafin wuta a gaba, zafin rana a baya, sai ƙaramin ya kifar da bokitin ruwan da aka sayo da safe. Maganar da ta taso mata a baki a wannan lokaci ba yunwa ce ta haife ta ba, tana nan tun da daɗewa, ƙoshi ne yake rufe ta. Haka magidanci yake gano cewa haƙurin da ake yabonsa da shi yana tsaye ne a kan shayin safe da tuwon dare. Wannan ganowa alheri ce babba, domin abin da mutum bai gani ba ba zai tuba daga gare shi ba, kuma da yawa daga cikinmu mun fi sanin laifin maƙwabta fiye da namu.

Abu na uku shi ne mafi daɗi, shi ne kuma aka fi mantawa. Bisa ga maganar ango da aka ambata a sama, azumin Kirista marmari ne. Almasihu ya zo, ya mutu, ya tashi, ya hau sama, ikilisiya kuwa tana jiran dawowarsa. Mai azumi yana faɗa da jikinsa cewa duniya da duk abin da yake cikinta ba su ƙosar da shi ba, akwai wanda yake kewa. Hannatu, tsohuwar gwauruwar nan da ba ta rabuwa da Haikali, tana sujada da azumi da addu'a dare da rana, irin wannan jira ne ta yi har idonta ya ga jaririn (Luka 2:36-38).

Su wane ne suka yi azumi a Littafi Mai Tsarki, kuma don me?

Musa ya kwana arba'in a kan Dutsen Sina'i bai ci ba bai sha ba sa'ad da yake karɓar dokoki (Fitowa 34:28). Mutanen Nineba sun yi azumin tuba, daga sarki har talaka, bayan wa'azin Yunusa. Esta ta nemi Yahudawan Shushan su yi kwana uku ba ci ba sha kafin ta shiga gaban sarki ba da kira ba, abin da zai iya jawo mata kisa (Esta 4:16). Ezra ya kira azumi a bakin kogin Ahawa domin neman tsaro a hanya, saboda ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya bayan ya riga ya shaida masa cewa hannun Allah yana tare da masu nemansa (Ezra 8:21-23). Nehemiya ya yi kuka da azumi da ya ji labarin rushewar garun Urushalima. A Antakiya kuwa, ikilisiya tana cikin sujada da azumi ne Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu, wato Bulus (Ayyukan Manzanni 13:2-3), daga baya su ma da addu'a da azumi suka naɗa dattawa a ikilisiyoyin da suka kafa. Dalilan ke nan: tuba, makoki, hatsari, neman jagora, da shirin wani aiki mai nauyi.

Azumi yana sa Allah ya amsa addu'a da sauri?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace bukatar a yi hankali da ita. Gaskiya ne Allah ya ji Ezra, ya ji Esta, ya kuma janye hukunci daga Nineba. Amma Dawuda ya yi azumi, ya kwana a ƙasa yana roƙo saboda ɗansa da yake ciwo, a rana ta bakwai yaron ya mutu. Dawuda ya tashi, ya yi wanka, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, sa'an nan ya ci abinci (2 Sama'ila 12:16-23). Bai ce Allah ya ci amanarsa ba, domin tun farko ya san roƙo yake yi, ba biyan kuɗi ba. Ta bakin Irmiya Allah ya ce wa mutanen da suka ƙi tuba, ko sun yi azumi ba zai ji kukansu ba (Irmiya 14:12). Yezebel ma azumi ta sa aka kira domin a sami hanyar kashe Nabot a ƙwace gonar inabinsa (1 Sarakuna 21:9-13). Ashe ana iya riƙe azumi da hannu ɗaya, mugunta da ɗaya hannun.

Abin takaici ne yadda ake jin wasu masu wa'azi suna cewa a yi kwana bakwai aiki zai fito, ko a yi kwana ashirin da ɗaya miji zai zo, kamar an rubuta farashi a jikin kaya. Wadda ta yi kwanakin nan duka da zuciya ɗaya, shekara ta juyo ba ta ga komai ba, sai ta koma gida da nauyi biyu, ga rashin abin da ta nema, ga zargin kanta cewa bangaskiyarta ce ba ta kai ba, wani lokaci har ta fara zargin Allah. Ba a yi mata adalci ba. Azumi yana sauya mai roƙo, yana sa shi ya natsu, ya ji, ya kuma shirya karɓar amsar da Allah ya ga dama ya bayar, ko da ba ita ce wadda ya so ba.

Masu kafa hujja da Markus 9:29, inda Yesu ya yi maganar aljanin da ba ya fita sai da addu'a da azumi, su lura cewa wasu daga cikin tsofaffin kwafin rubutun hannu addu'a kaɗai suka ambata, shi ya sa fassarori suka bambanta a wurin. Ko ta yaya aka karanta ayar, abin da take koyarwa shi ne dogara ga Allah.

Daga ina azumin kwana arba'in na kafin Ista ya samo asali?

Ba a umarce shi a Littafi Mai Tsarki ba, al'ada ce da ta girma a hankali a ikilisiyar farko. A ƙarshen ƙarni na biyu Iraniyus, bishop na Liyon a ƙasar da ake kira Faransa yanzu, ya rubuta cewa wasu suna azumin kwana ɗaya kafin Ista, wasu biyu, wasu fiye da haka. Bayan babban taron bishop-bishop da aka yi a Nikiya a shekarar 325 kwana arba'in ya bazu a ikilisiyoyi, ana koyi da kwanakin Yesu a jeji. Lokaci ne da ake shirya masu neman baftisma domin a yi musu ita a daren Ista, sauran jama'a kuma suna taya su da azumi da addu'a.

A lissafin ikilisiyoyin yamma, wanda Katolika da Angilikan suke bi, wannan azumi, wanda ake kira Lenti, yana farawa ranar Larabar Toka. Daga ranar zuwa Asabar ɗin jajiberin Ista kwana 46 ne, idan aka cire Lahadi shida saura 40. Ista tana faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato a nan wajenmu Lenti yana haɗuwa da tsakiyar bazara. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kwana 55 suke yi, ba nama, ba madara, ba ƙwai.

Me ake nufi da tokar da ake shafawa a goshi? Ba ta saɓa wa umarnin yin azumi a ɓoye ba?

Toka alamar tuba ce da tuna mutuwa tun a Tsohon Alkawari, Ayuba ya tuba cikin ƙura da toka, Daniyel ma ya yi addu'a da azumi da tsummoki da toka (Daniyel 9:3). A al'ada ana ƙona ganyen dabinon da aka riƙe a Lahadin Dabino ta bara, wato Lahadin da take zuwa mako guda kafin Ista, Fada, limamin cocin, ya shafa tokar a goshi yana tuna wa mutum cewa shi ƙura ne, ga ƙura kuma zai koma (Farawa 3:19), ko kuwa ya kira shi ya tuba ya gaskata bishara (Markus 1:15).

Abin da Yesu ya hana a Matiyu 6:16-18 shi ne ɓata fuska domin mutane su gani su yaba. Azumin jama'a ba ya ɓoyuwa, na Nineba da na Antakiya kowa ya san da su, don haka laifin yana cikin neman yabo ne. Wanda ya fito daga coci da toka a goshi ya shiga kasuwa yana tuna shi mai zunubi ne, bai yi laifi ba. Wanda kuwa ya sa wa abokin aikinsa ido yana jin ya fi shi, ya bi sawun Bafarisin nan da ya yi alfahari da azumi sau biyu a mako ya koma gida ba a karɓe shi ba (Luka 18:9-14). Wannan gargaɗi ya shafi mai sanar da kwanakin azuminsa a Facebook kamar yadda ya shafi mai toka.

Me ya sa ɗarikoki suka bambanta a kan azumi?

A Katolika doka ce: wanda ya kai shekara 18 har zuwa 59 zai yi azumi ranar Larabar Toka da ranar Juma'a Mai Kyau, ranar tunawa da gicciye Yesu, wato cikakken abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa sau biyu, wanda ya kai shekara 14 kuma zai bar nama a waɗannan ranaku da Juma'o'in Lenti. Akwai kuma barin ci na awa ɗaya kafin karɓar Jibi. Angilikan da Lutaran suna kiyaye Lenti, amma sun fi barin tsarin ga lamirin mutum. Asalin rabuwar yana komawa zamanin gyaran ikilisiya. A shekarar 1522 wasu mutane a Zurik ta ƙasar Suwizalan suka ci nama cikin Lenti da gangan a gidan wani mai buga littattafai, Zwingli, ɗaya daga cikin jagororin gyaran, kuma ya kare su da cewa bai kamata a ɗaure lamiri da abin da Nassi bai ɗaure ba. Masu gyaran ba su ƙi azumi ba, tilastawar suka ƙi. John Wesley, wanda ya kafa Metodis, ya riƙe azumin Laraba da Juma'a, ranakun da Kiristocin farko suke azumi a cikinsu.

Masu mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) da suka iso ƙasar Tangale a shekarar 1917 daga gadon masu gyaran suka fito, shi ya sa ECWA, ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, wadda aka kafa a 1954, ba ta ɗora Lenti a matsayin doka ba, sai dai shugabanni su kira azumi da addu'a idan bukata ta taso. Haka Baptis ma. Ikilisiyoyin Fentikos da yawa kuma sun saba buɗe shekara da azumi, kamar kwana 21 da Living Faith take yi a Janairu. Romawa 14:3 ta isa ta zaunar da mu lafiya: mai ci kada ya rena wanda ba ya ci, wanda ba ya ci kuma kada ya hukunta mai ci.

Ana shan ruwa? Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa?

Nassi bai yanka awa ba. Azumin wuni zuwa maraice shi ne aka fi gani (2 Sama'ila 1:12), daga nan aka sami al'adar shida na safe zuwa shida na yamma, wasu kuma su tsaya a ƙarfe uku ko sha biyun rana. Azumin ba ci ba sha, irin na Esta da na Shawulu a Dimashƙu, kwana uku ne, kuma a lokacin tsananin bukata aka yi shi. Na Musa mu'ujiza ce, ba abin koyi ba. Game da Yesu, Luka 4:2 ta ce bai ci komai ba, a ƙarshe ya ji yunwa. A Gombe, inda zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, wanda zai yi fiye da wuni ɗaya ya sha ruwa, musamman manomi, birkila, ɗan acaba da duk mai aiki a rana. Rashin ruwa mai tsawo yana lalata ƙoda, kuma shan ruwa ba ya rage wa azumin komai a gaban Allah.

Mene ne azumin Daniyel?

Daniyel ya yi mako uku yana makoki, bai ci abinci mai daɗi ba, nama da ruwan inabi ba su shiga bakinsa ba (Daniyel 10:2-3). Daga nan ake kiran duk azumin da aka rage abinci maimakon a bar shi gaba ɗaya da sunansa. Ya dace da tsofaffi da masu aikin ƙarfi. Sai dai wanda ya bar nama ya cika kwano da soyayyen kifin Dadin Kowa har ya fi kullum jin daɗi, ya kiyaye ƙa'ida ya rasa manufa.

Da me azuminmu ya bambanta da na maƙwabtanmu Musulmi?

Azumin Ramadan ɗaya ne daga shikashikan Musulunci biyar, farilla ne a kan kowane baligi mai lafiya, daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, ba ci ba sha, wata guda cur. Na Kirista ba shi da tsari guda da ya hau kan kowa, kamar yadda aka nuna a amsoshin da suka gabata, kuma tushensa shi ne mutuwa da tashin Almasihu, ana yinsa ne domin amsa alherin da aka riga aka samu. A wasu abubuwa kuma mun yi kusa: kame baki daga mugun zance, tausayin matalauci, da yawaita addu'a.

A shekarar 2025 Ramadan ya fara ranar 1 ga Maris, Larabar Toka kuma ta faɗo ranar 5 ga wata, sai ga unguwa ɗaya tana azumi biyu a lokaci guda. Idan maƙwabciya ta aiko yarinya da kwanon kunu da ƙosai da magariba, yarinyar ta durƙusa ta ce, “Mama, wai in ji Hajiya, ga abin shan ruwa,” a karɓa da hannu biyu, a ce a gaishe ta da ibada, a kuma tuna da ita ranar Ista da Kirsimeti. Gasar wane ne ya fi shan wuya ba ta da amfani ga kowa.

Me zan yi da abincin da ban ci ba?

Ishaya 58 ce amsar, kuma duk mai shirin azumi ya kamata ya karanta surar kafin ya fara. Mutanen suna gunaguni cewa sun yi azumi Allah bai kula ba, sai Allah ya ce a ranar azumin nasu suna biɗan amfanin kansu, suna zaluntar ma'aikatansu, suna faɗa da dambe. Azumin da ya zaɓa shi ne a kwance sarƙar mugunta, a saki waɗanda ake danniya, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar wurin kwana gida, a tufatar da huntu, kada kuma mutum ya ɓuya wa danginsa. Idan kuɗin abincin rana ya koma aljihu ya zauna, an yi tattali ne kawai.

Hanya mai sauƙi ita ce a ajiye buhu ko roba a kicin, duk ranar azumi a auna masara ko shinkafar da da za a dafa a zuba a ciki, ranar Lahadi a kai wa gwauruwa ko maraya, ko a miƙa wa dattawan ikilisiya su raba. Mai shago ya duba mudunsa. Wanda yake riƙe da kuɗin ƙwadagon wanda ya yi masa noma, ko albashin yarinyar da take masa aikin gida, ya biya kafin ya durƙusa. Wanda ya yi shekara ba ya magana da ɗan'uwansa saboda gonar gado, ya fara taka ƙafa zuwa gidansa.

Gidana sau ɗaya muke ci a rana saboda babu. Wane azumi kuma zan yi?

Ɗan'uwa, Allah ya san halin da kake ciki, kuma ba ya neman abin da ba ka da shi. Yunwar dole ba azumi ba ce, masifa ce da ya wajaba ikilisiya ta taimaka a kawar, Yakubu ya tsawata wa mai cewa ɗan'uwa ya tafi lafiya ya ƙoshi alhali bai ba shi komai ba (Yakubu 2:15-16). Kada ka hana yaranka ɗan abin da ya samu da sunan ibada. Kana iya keɓe lokacin addu'a, ka shiga tare da jama'a da zuciyarka, ka miƙa wa Allah wahalar da kake ciki. Shugabannin da suke kiran azumi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, su fara bincika ko akwai gidajen da suka riga su shiga yunwa, sa'an nan su haɗa kiran da tara hatsi kamar yadda aka bayyana a amsar da ta gabata.

Marasa lafiya, masu juna biyu da yara fa?

Mai ciwon sukari, mai gyambon ciki, mai sikila, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, mai shayarwa da duk mai shan maganin da sai an ci abinci, kada ya fara sai ya ji ta bakin likita, kuma kada kowa ya ajiye maganin hawan jini ko allurar sukari da sunan bangaskiya. Jiki haikalin Ruhu Mai Tsarki ne (1 Korantiyawa 6:19). Mama, idan likita ya hana, ki ci abincinki da godiya, ki ba Allah awa ɗaya ta addu'a, ko ki bar wani abin da yake cinye miki lokaci, kamar waya ko talabijin. Yara kuwa a koya musu a hankali, su bar alawa ko lemo su ba wani, kada a tura su makaranta da ciki wayam.

Ma'aurata za su ƙaurace wa juna a lokacin azumi?

Bulus ya yarda da haka bisa sharaɗi uku: da yardar su biyun, na ɗan lokaci, kuma domin addu'a, sa'an nan su sake haɗuwa (1 Korantiyawa 7:5). Miji ko mata ba shi da ikon yanke wannan shawara shi kaɗai.

Na karya azumi kafin lokaci. Na yi zunubi?

Idan mantuwa ce, ko jiri ya ɗebe ka, ko jiki ya gaza, babu hukunci a kanka, Sabon Alkawari bai ɗora kaffara ko ramuwa a kan wannan ba. Ka gode wa Allah don abincin, ka ci gaba da addu'a. Idan alkawari ka yi wa Allah ka kuma karya shi da gangan, ka furta a gabansa, shi mai aminci ne zai gafarta (1 Yahaya 1:9), nan gaba kuma ka auna ƙarfinka kafin ka buɗe baki da wa'adi. Ɗan Katolika da ya bar ranakun doka da gangan ya kai maganar wurin Fada.

Yaya zan fara, kuma yaya zan buɗe baki?

Ka fara da barin abinci sau ɗaya, ka san dalilin da ya sa kake yi, ka kuma tanadi abin da zai cika gurbin: nassin da za ka karanta, kamar Zabura 51 ko Yowel 2, da sunayen waɗanda za ka yi wa addu'a. Duk sa'ad da ciki ya murɗa, ka mai da shi kiran addu'a ko da ta jimla ɗaya ce. Ka sanar da wadda take dafa maka abinci tun da dare domin kada a yi asara. Wajen buɗe baki a fara da ruwa, sai kunu ko kankana ko gwanda, a ɗan huta kafin tuwo, idan kuma azumin ya ɗauki kwanaki a koma ga abinci mai nauyi sannu a hankali. Wanda ya tara abincin safe da na rana da na dare ya haɗiye su da magariba ya jinkirta ci ne kawai.

Akwai lokacin da bai dace a yi azumi ba?

Akwai. Ikilisiyar farko ba ta azumi ranar Lahadi domin ranar tashin Ubangiji ce, dalilin da ya sa ba a lissafa Lahadi cikin kwana arba'in ke nan, haka kuma ba ta azumi a kwana hamsin da suke tsakanin Ista da Fentikos. Sa'ad da jama'a suka fashe da kuka da jin karatun Shari'a, Nehemiya ya ce su je su ci mai kitse, su sha mai zaƙi, su aika wa waɗanda ba su da shi, domin ranar tsattsarka ce (Nehemiya 8:10). Idan azumin da ka ɗaukar wa kanka ya faɗo ranar auren ƙanwarka ko ranar sunan ɗan maƙwabcinka, ka ɗaga shi zuwa wata rana, ka je ka ci tare da su.